Gidan da Bai Yi Daka Ba

Kaka ta rasu ranar Laraba da hantsi, a ɗakinta na gidan Kawu, nan Garuwa. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Kafin magariba tsakar gida ya cika da mata, takalma sun taru a bakin zaure har ba wurin taka ƙafa.

Ni ina zaune a ƙofar ɗakinta da ɗana a cinya, ina jin duk abin da ake faɗi. Ba a yi mata rowar addu'a ba. Matan Fulanin unguwa suna shigowa suna cewa "Allah hokku munyal", wato Allah ya ba da haƙuri, namu suna cewa Allah ya sa ta huta. Amma da an shafa fatiha sai murya ta yi ƙasa, sai in ga ana ɓoye murmushi a bakin mayafi.

"Allah sarki, Tsaya-tukuna ta tafi."

"Yanzu kam ma samu barcin safe."

"Ke, ki ji tsoron Allah! Ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba."

"To ƙarya na yi? Ga injin niƙa a bakin titi, amma kullum asuba dum, dum, dum, kamar a tsakiyar kan mutum ake dakan."

Surukata, wadda haifaffiyar Garuwa ce kuma mace ce mai tausayi, ita ta raba gardamar. Ta ce, "Ku bar baiwar Allah. Yaƙi ne ya taɓa ta. Duk waɗanda suka zo daga can haka suke, kowa da irin nasa taɓin." Aka gyaɗa kai, aka wuce maganar.

Can kusa da randa akwai wata tsohuwa da ta zo daga Bibemi a motar haya. Bayan gaisuwa, ruwan da aka miƙa mata ma ta aje shi gefe. Na gane ta tun daga yadda take naɗe carbi a wuyan hannu. Iya ce, maƙwabciyar gidanmu ta can. Tun da muka sauka daga mota ɗaya a ƙasar nan ba ta taɓa tako gidan Kawu ba, sai da Kaka ta mutu.

Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, gudun hijira ya katse mini karatu. Amma na ce ko da yaya sai na rubuta wannan, don ɗana zai girma a unguwar nan, kuma abin da zai ji ke nan: kakar uwarka taɓaɓɓiya ce. Ba taɓaɓɓiya ba ce. Ina tsaye kusa da ita lokacin da abin ya faru.

Sunan da yara suka sa mata daga gaisuwa ya samo asali. In ka ce mata, "Ina kwana, Kaka?" ba ta ce maka lafiya lau. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya tukuna." Ta karkata kai, ta saurari gidan dama, ta saurari gidan hagu. Sai ta ji guga ya bugi bakin rijiya, ko tari, ko uwa na zagin yaro, sannan ta sauke hannu ta ce, "To, lafiya lau." In an dawo daga ziyara ba ta tambayar ko an ga mutanen gida. Cewa take, "Kun ji motsinsu?" Tana son goro fari, ba ta cin ja. Tana ɗaure kuɗin goronta a haɓar zane da ƙulli mai wuyar kwancewa, ta ce saboda jikoki ɓarayi. Ɗana kuwa tun ranar suna ta sa masa angona. Takan ɗaga shi ta ce, "Dubi angon nan, ba haƙori, ba sana'a, sai ci. Haka zan zauna da kai?"

Mu ba a nan aka haife mu ba. Kakanninmu fatake ne da suka zauna a wani gari a Afirka ta Tsakiya, a can aka haifi Kaka, a can ta haifi Kawu da Mama. Ina yarinya, ban kai ga fara azumi cikakke ba, yaƙi ya zo. Aka wayi gari unguwarmu ta zama kamar keji. In ka fita bayan masallaci ko ka gangara rafi, masu adduna suna cikin ciyawa. Sai aka kawo sojojin kiyaye zaman lafiya, masu shuɗiyar hula, suka kafa sansani a filin da ke jikin gidan Kaka, suka jera buhunan yashi.

Da farko da maza suka zauna. Suka ba dattawan unguwa waya, suka ce in an ga wani abu a kira. To amma babu wutar da za a cika wayar, kuma wani lokaci sai a yini layin bai shiga ba. Abin da ya fi wannan, ba maza ne ke zuwa rafi ba, ba su ke shiga daji neman itace ba.

Akwai wata mata da ke yi musu tafinta, muna ce mata Madam. Kirista ce, 'yar garin, da can malamar lakwal ce, ta iya Hausa saboda ta girma a bakin kasuwarmu. Ita ta zo gidan Kaka da wata sojan mace, suka ce suna so su zauna da mata su kaɗai. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Da farko ba wadda ta buɗe baki. Wata ma ta ce a hankali, "'Yar'uwarsu ce fa, duk abin da muka faɗa daji zai kai." Madam ta ji. Ta ce, "Ƙanena, masu salla irin taku suka kashe shi a kan hanyar gona. Da kaiwa zan yi, da ban cire takalmi na zauna a tabarmarku ba." Kaka ta kwance haɓar zane, ta ɓara goro ta miƙa mata rabi. Daga nan aka fara magana.

Sojan macen tambaya biyu ta yi ta maimaitawa: a ina kuke jin tsoro, kuma da wane lokaci? Daga zaman nan aka tsara raka mata rafi da safe, soja gaba soja baya. Daga nan aka tsara ranar itace. Kaka har ta saba da su. Wani dogo da ke tsaron ƙofa takan aika masa ƙosai, shi kuma ya aiko mata kifin gwangwani, ta shinshina ta ce, "Madam, tambaye shi kifin nan tun zamanin wane sarki ya mutu."

Saura abu ɗaya. Masu adduna sun fi zuwa da asuba, kuma gidajenmu a jere suke kamar igiya, daga sansani har gangaren rafi. In abu ya faru a can ƙarshe, kafin labari ya iso an gama. Sojan macen ce ta ce masu gadi suna jin dakanmu kowace safiya, har sun san lokacinsa. Kaka ta ce, "To a bar yin sa barkatai." Ita ta jera shi. Gidan ƙarshe, na bakin rafi, shi zai fara daka bayan sallar asuba. In gida na biyu ya ji, ya ɗauka. Haka har ya iso gidan Kaka. In Kaka ta daka, masu gadi sun san unguwa ta kwana lafiya. In dakan ya yanke a hanya, Kaka ba za ta taɓa taɓarya ba, za ta tafi bakin buhunan yashi ta faɗi inda ya tsaya.

Gidan ƙarshen nan gidanmu ne. Mama ce ke farawa. Na biyu gidan Iya, akwai 'yar gonar rogo da bishiyoyin mangwaro tsakaninmu.

Abin ya yi aiki. Sau biyu dakan yana yankewa sojoji suna isa su tarar da mutanen daji sun kewaye gida, su kore su. Busasshen rogo muke dakawa, in babu rogo a zuba dusa, don ba a son a daka turmi babu komai. Har yau in na rufe ido ina jin yadda sautin ke tahowa daga rafi, gida bayan gida, kamar mutum ne ke takowa.

Sai surukin Kawu ya rasu, uban matarsa, a wani gida na tsakiya. A wajenmu gidan makoki ba a hura wuta, ba a taɓa turmi har sai an yi sadakar uku. Maƙwabta ke kawo abinci, gumbar sadaka ma a maƙwabta ake daka ta. Ba wanda ya tuna da wannan lokacin da ake jera gidaje. Da asuba dakan ya zo gidan ya tsaya. Kaka ta ja mayafi ta tafi bakin sansani. Motar yaƙi ta shigo lungu da ƙara daidai lokacin da aka ɗauko makara. Mutane suka watse, wani tsoho ya faɗi ya karye, makarar ta kife a ƙasa, likkafani ya buɗe a gaban kowa.

Ban taɓa ganin Kawu cikin irin fushin ranar ba. Aka yi taro a ƙofar masallaci, maza a gaba, mata a bayan katanga, shugaban sojojin da Madam a gefe. Shugaban ya ba da haƙuri. Kawu ya miƙe ya ce daga yau gidan makoki a tsallake shi, gida na gaba ya fara dakansa da kansa, kada a ƙara kira wa mamaci soja.

Kaka ta yi magana daga bayan katanga, abin da mace ba ta yi. Ta ce, "A bar su su daka. Ko sau uku ne, a ji su kawai."

"Daka a kan gawa, Inna?" in ji Kawu. "Me ya rage mana in mun bar wannan? Sun ƙwace kasuwa, sun ƙwace gona, yanzu mutuwarmu ma ba za mu yi ta yadda iyayenmu suka yi ba?"

"Mamaci ya riga ya tafi. Masu rai nake ji."

"Ki yi haƙuri, Inna. Wannan maganar maza ce."

Madam ta faɗi abin da shugaban ya kawo: to in haka ne, soja biyu su riƙa takawa a ƙafa, ba mota, ba ƙara, su leƙa gidan makoki da asuba. Dattawa suka ce mazan waje ba za su leƙa gidan da mace ke takaba ba. Shugaban ya ce al'adarku ce, abin da kuka yarda da shi shi za mu bi. Aka shafa fatiha a kan maganar Kawu. Ba mugunta ya yi ba. Kowa a wurin ya ga likkafanin nan a ƙasa.

Damina na tsaka Baba ya kwanta da zazzaɓi, bai tashi ba. Aka binne shi da yamma. Gidanmu ya cika da mata masu kwanan zaman makoki, ni kuma na ƙi shiga ɗakin da aka wanke shi, ina ta kuka. Mama ta ce wa Kaka, "Tafi da ita ta kwana wajenki, ta huta mini." Ta gyara mini ɗankwali, ƙanena yana goye a bayanta. Kaka ta so ta kwana wurin 'yarta, amma ita ce mai dakan ƙarshe, dole asuba ta same ta a gidanta.

Da asuba muka fito da turmi. Kaka ta tsaya ta karkata kai. Can muka ji gidan Iya ya fara, kamar yadda aka shirya. Na gaba ya ɗauka, na gaba ya ɗauka. Sautin ya yi ta tahowa har ya iso katangarmu. Kaka ta ce bismillahi, ta ba ni ƙaramar taɓarya, muka yi ta lugude ni da ita. Na tuna har daɗi na ji, don rabona da jin wani abu ya tafi daidai tun kwanciyar Baba. Dogon nan mai gadi ya ɗaga mana hannu daga kan buhunan yashi.

A daidai lokacin nan masu adduna suna cikin gidanmu. Ta rafi suka hauro, ba su harba bindiga ba. Iya ta ce daga baya ta ji kamar kururuwa ta cikin mangwaro kafin ta fara daka. Amma kuka a gidan makoki, wa zai ce wani abu ne? Ta ce a ranta, Allah sarki, sabuwar takaba. Ta ɗaga taɓarya. Daga nan kuma ƙarar turame ta rufe komai.

Sai da hantsi, da aka zo raka mata rafi, sojan gaba ya ga ƙofar gidan a karye.

Ba a bar ni na gani ba. Abin da na gani shi ne Kaka ta dawo da azahar, zaninta jiƙe har gwiwa, Madam na riƙe da ita. Su biyu da Iya suka wanke Mama da ƙanena da sauran matan. Madam ba ta san yadda muke wanka ba, ruwa kawai take zubawa inda aka nuna mata. Sojan macen ta zo ta tsaya a ƙofar gida, ta cire hularta, ta daɗe a tsaye. Ta ce wani abu, Madam ta buɗe baki za ta fassara, ta kasa. Kaka ta ce, "Bar shi. Na ji."

Kaka ba ta yi kuka a gabana ba. Abin da ta yi, ta zauna ta buɗe tafin hannunta tana kallo. Sau ɗaya ta ce, ba da ni take ba, "Da hannun nan na ce musu lafiya."

Bayan haka sojoji suka fara kwana a gangaren rafi, dattawa kuma suka janye maganarsu ba tare da an yi taro ba. Amma zaman ya riga ya ƙare. Ba a daɗe ba aka kawo manyan motoci, sojoji gaba da baya, aka kwaso mu zuwa iyakar Kamaru. Direba ya ce ba wurin turmi. Kaka ta bar turmin, ta rungume taɓarya. Yaron mota ya kama zai jefar, Madam ta daka masa tsawa da Faransanci har ya saki. Ita ce fuskar ƙarshe da na gani a garinmu, tana tsaye a bakin hanya da rabin goro a hannu. Ba mu ƙara jin labarinta ba. Kaka kan sa ta a addu'a, in wani ya ce ai ba musulma ba ce sai ta ce, "Ita ta zuba wa 'yata ruwa. Kai kana ina?"

A Garuwa Kawu ya kama sana'a a babbar kasuwa, ya yi gida, ya ba Kaka ɗakin da ya fi kowanne iska. Abin da ta fara nema turmi ne. Tun daga ranar ba asubar da ba ta daka ba, sai in ciwo ya kayar da ita, ranar kuma ni ke yi. Ba mai amsa mata. Nan kowa inji yake kaiwa. Takan daka kaɗan, ta tsaya, ta saurara, ta ci gaba.

Kawu bai taɓa gaza mata ba. Abinci, sutura, asibiti, komai. Amma kullum kafin ta fito da turmi ya riga ya tafi masallaci, daga can ya wuce kasuwa ko karyawa bai yi ba. Ban taɓa jin sun ambaci Mama a tsakaninsu ba. Sau ɗaya kawai na ji sun yi sa-in-sa, da mai unguwa ya aiko cewa maƙwabta na kuka da dakan asuba.

"Inna, don Allah ki bari. Nan ba can ba ne."

"Can ɗin ma da ba can ba ne, lafiya lau muke zaune."

Ya sa takalmi ya fita.

Matar da ta ce a ji tsoron Allah ranar makoki, tana da dalili. 'Yar garin Yagwa ce mai sayar da shinkafa, tana haya ita kaɗai a bayan katangarmu. Wata safiya Kaka ta gama daka, na gaishe ta, ta ce tsaya tukuna, kuma ba ta sauke hannu ba. Ta ce, "Ban ji gugan mai shinkafa ba." Matar Kawu ta ce wataƙila barci ta yi. Kaka ta ɗauki taɓarya ta zagaya, ta yi ta dukan ƙofar har maza suka zo suka ɓalle ta. Matar na kwance cikin jini, ɓari ta yi, ko magana ba ta iyawa. Mijina, lokacin bai aure ni ba, shi ya ɗauke ta a moto, babur ɗinsa, zuwa asibiti. A nan Kaka ta gan shi ta ce yaron nan yana jin kira, a ba shi ni.

Ni ma na gaji wani abu daga gare ta, ban sani ba ko alheri ne. In ɗana ya yi barci mai nauyi sai na sa yatsa a hancinsa. In mijina ya fita da moto ya yi nisa, ba na iya cin abinci sai na ji ƙarar injinsa ta shigo lungu, kuma ina bambance ta da ta kowa. Yakan yi dariya ya ce, "Ƙaramar Tsaya-tukuna." Wani lokaci ina wanki sai in ji kamar ana daka can wajen kogin Binuwai, in tsaya, ashe ba komai.

Da ciwonta ya yi nauyi, wata rana ina shafa mata man zafi a ƙafa ta kama wuyan hannuna. Ta ce, "In na mutu, kada gidan nan ya wayi gari shiru. Kin ji ni?"

"Kaka, ki daina irin wannan magana."

"Ba kuka na tambaye ki ba. Kin ji ni?"

"Na ji."

Washegarin binne ta na tashi da kiran salla, na lallaɓa tsakanin matan da ke kwance na je bayan ɗakin girki. Turmi na nan, taɓarya babu. Ina dube-dube surukata ta fito alwala ta gan ni. Ta gane nan take.

"Ke 'yar nan, me kike nema? Kada ki soma. A gidan makoki? So kike a ce ke ma ya taɓa ki? Ki tuna da mai sunan Malam, a unguwar nan zai tashi." Mai sunan Malam ɗana ne, sunan mijinta aka sa masa. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Kawunki ne ya ɗauke ta jiya, kuma ya yi daidai. Je ki yi salla, ki yi mata addu'a, shi ne zai amfane ta."

Na koma. Gari ya waye shiru. Ban san yadda zan faɗi shirun nan ba. Ana ta shiga ana fita, ana kawo kwanukan kunu daga maƙwabta, amma ni ji nake kamar an toshe mini kunne da auduga. Duk wadda ta ce mini ina kwana sai bakina ya ƙi amsawa. Na yini ina goye da ɗana, na ƙi ba kowa shi. Na ce wa mace mai mutuwa na ji, ga shi tun safiyar farko na kasa.

Asuba ta biyu ban je bayan ɗakin girki ba. Zaure na nufa. Kawu na zaune kan buzu yana sa takalmi zai tafi masallaci. Na durƙusa. Ban taɓa tsayar da shi da magana ba tun da nake.

"Kawu, ina kwana."

"Lafiya. Me ya fito da ke?"

"Kaka ta bar mini wasiyya."

"Na sani. Ni ta fara bar wa." Ya ci gaba da fama da takalmin, ya kasa sa shi. "Na ce mata to. Da aka kai ta na dawo na ga abin nan jingine a bango, na kasa kallonsa."

Ina jin numfashin ɗana a bayana. Liman ya tayar da salla a masallacin lungu, Kawu bai tashi ba. Sai da aka sallame ya yi tasa nan kan buzu, ni ma na yi tawa a bayansa. Sannan ya shiga ɗakinsa, ya durƙusa, ya jawo taɓaryar daga ƙarƙashin gado. Tsakiyarta ta sirance, ta yi santsi inda hannun Kaka ke kamawa. Da kansa ya mirgino turmin zuwa tsakar gida, dattijo mai furfura, mata na leƙowa daga ɗakuna. Ya ɗebo gero a mudu ya zuba.

Surukata ta fito. "Alhaji, lafiya? Ba a yi sadakar uku ba fa."

"Na sani, Hajiya," ya ce. "Ni na taɓa hanawa."

Ya miƙo mini taɓaryar. Na karɓa. Na ce, "Kawu, wa zan jira? Kaka sai ta saurara take farawa."

"Ba ki jiran kowa. Yau mu ne gidan ƙarshe."

Na ce bismillahi na ɗaga. Dum. Dum. Ɗana ya farka a bayana, bai yi kuka ba. Kawu ya tafi bakin zaure ya tsaya ya ba mu baya, yau bai gudu ba. Na daka kaɗan, na tsaya kamar yadda take yi. Ba komai sai wani moto can a titi. Matan duk sun fito sun yi cirko-cirko.

Sai na ji jan ƙafa. Iya ce ta taso daga wajen randa, tana bin bango. Ta zo har gaban turmin, ta kwance carbin daga wuyan hannunta ta rataya a wuya. Ta dube ni, kuma na san ba ni take gani ba, don kowa na cewa fuskar Mama gare ni.

Ta ce, "Na ji ki, 'yata. Na ji ki. Kawo."

Da ƙyar take ɗaga ta. Tana bugawa, gero na tsalle yana zuba ƙasa, ba wanda ya ce ta bari. Tana cikin yi muka ji guga ya bugi bakin rijiya a bayan katanga, mai shinkafa ta ɗaga murya ta ce, "Mutanen gidan Kaka, kun kwana lafiya?"

Mutanen gida suka juyo. Ni suke kallo. Na ga hannuna a sama, ban san lokacin da na ɗaga shi ba. Na saurari dama, na saurari hagu, na saurari can inda ba za a ƙara farawa ba. Sannan na sauke shi.

Allah ya jiƙan Kaka, ya haɗa ta da 'yarta a inda ba a kwana da tsoro. Taɓaryar tana gidana yanzu. Maƙwabtana sun fara magana.